Jinjiri a Hannun Babansa

A kurmin da ya haɗa kudu maso yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da arewacin Kongo akwai wata al'umma da ake kira Aka. Mafarauta ne masu amfani da raga, kuma miji da mata tare suke fita daji: a kewaye wani sashe na kurmi da raga, wasu su koro dabbobi da ihu, wasu su laɓe su kama abin da ya faɗa. Abin da ya sa sunansu ya zagaya duniyar masana shi ne yadda mazansu suke riƙon jarirai.

Wani masanin al'adun ɗan Adam daga Amurka, Barry Hewlett, ya fara zuwa wurinsu a 1973. Daga baya ya riƙa zama a sansaninsu da agogo da littafi, yana rubuta wanda ke ɗauke da jariri a kowane lokaci, har ya fitar da littafi a kan haka a 1991. Ya gano cewa a cikin yini da dare, kusan rabin lokacin, wato kashi 47 cikin ɗari, uba Ba'ake ko dai yana riƙe da jaririnsa ko yana kusa da shi iya inda hannu zai kai. Shi ne zai share masa majina, ya wanke masa kashi, ya saɓe shi a kwiɓi zuwa wurin hirar maza. In yaro ya farka da dare yana kuka, sau da yawa uban ne ke ɗaukarsa yana yi masa waƙa har ya koma barci. Babu wanda ke yi masa dariya, domin haka ya ga ubansa ya yi.

Maƙwabtansu manoma, Ngandu, ba haka suke ba, ga shi kuwa daji ɗaya suke sha. Bambancin yana cikin tsarin zama. Sansanin Aka ƙarami ne, mutum talatin ko abin da ya yi kusa da haka, kuma aikin neman abinci bai raba miji da mata ba. Mutumin da ya wuni tare da jariri dole ya san kukan yunwa, ya bambanta shi da na barci da na ciwo. Hewlett ya kuma lura da wani abu: mazan Aka ba su cika wasan cilla yaro sama da jijjiga shi ba, irin wanda aka san iyaye maza da shi a Turai da Amurka. A ganinsa, wanda yaro ya riga ya saba da ƙamshin jikinsa ba ya bukatar hayaniya kafin a kula shi.

Ba za a ce Bakano ko Bazazzagi ya koma zaman kurmi ba. Darasin Aka ya tsaya ne a kan abu guda: namiji yana da halittar da zai iya renon ɗanyen goyo, kuma yawan abin da yake yi ya danganta da yadda al'ummarsa ta tsara masa rayuwa.

Jikin namiji ma ya tabbatar da haka. A birnin Cebu na ƙasar Filifin, masu bincike sun bi wasu samari 624, suka auna sinadarin mazantaka da likitoci ke kira testostiron a cikin yawunsu a 2005, lokacin suna 'yan shekara 21 da ɗoriya, sannan suka sake aunawa a 2009. Sakamakon da Lee Gettler da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya nuna cewa waɗanda suka yi aure suka haihu a tsakanin lokacin, sinadarin ya sauka a jikinsu da kashi 26 cikin ɗari da safe, da kashi 34 da dare. Waɗanda ke shafe awa uku ko fiye a kullum suna kula da yaro, nasu ya fi na kowa sauka. Mai karatu kada ya tsorata: wannan ba rauni ba ne, ba kuma cuta ba ce. Samarin da sinadarinsu ya fi yawa tun farko su ne ma suka fi saurin samun mata da 'ya'ya. Abin da masana suka fahimta shi ne, jiki yana rage zafin gasa da neman mata, ya karkata ga haƙuri da kula, a daidai lokacin da gida ke bukatar hakan.

Wani bincike da aka yi a Tanzaniya ya ƙara fito da maganar. An gwada mazan Hadza, mafarautan da ke kwana da 'ya'yansu suna ɗaukarsu, da mazan Datoga, makiyayan da ke ci da kwana daban da mata da yara. A wurin Hadza, masu 'ya'ya sinadarinsu ya yi ƙasa da na marasa 'ya'ya. A wurin Datoga babu bambanci. Haihuwar kaɗai ba ta canza jikin uba, sai ya kusanci abin da ya haifa.

Akwai kuma sinadarin oksitosin, wanda a da ake ɗauka na mata ne kawai saboda rawar da yake takawa wajen naƙuda da zubowar nono. Ruth Feldman da ɗalibanta a Isra'ila sun auna shi a jinin ma'aurata 80 da suka yi haihuwar fari, a makonnin farko da kuma bayan wata shida, suka tarar na maza bai gaza na mata ba. Na uwa yana tafiya da runguma da shafa da tattausar murya. Na uba ya fi tashi da wasa, ɗaga yaro, da nuna masa abubuwa.

To shi jaririn fa, me yake samu?

Tun yana ciki, a watannin ƙarshe, yana jin muryoyin da ke kewaye da uwarsa. Ranar da ya faɗo, idonsa ba ya gani sosai sai abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30, wato daidai fuskar wanda ya rungume shi. A shekarun farko ƙwaƙwalwarsa tana ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kamar yadda cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard ta ƙiyasta. Abin da ke ƙarfafa waɗannan hanyoyi shi ne mayar da martani. Yaro ya yi gwaranci, babba ya amsa. Ya miƙa hannu, a kama. Ya kalli fitila, a ce masa fitila ce. Kamar mawaƙi ne da 'yan amshinsa: shi ke bayarwa, kuma in babu mai karɓa, waƙar mutuwa take yi. Gidan da uwa da uba duka ke amsawa, yaro yana jin murya iri biyu, riƙo iri biyu, kalmomi iri biyu.

A Ingila, masana daga jami'o'in Landan da Oxford sun ɗauki hoton bidiyo na maza 128 suna wasa da jariransu 'yan wata uku a kan tabarma, ba tare da kayan wasa ba. Da yaran suka cika shekara biyu aka gwada fahimtarsu, irin gane launi da siffa da warware 'yar matsala. Rahoton da ya fito a 2017 ya nuna 'ya'yan iyayen da suka saki jiki suka kula su tun a wata uku sun fi samun maki, 'ya'yan waɗanda suka zauna shiru suna ɗari-ɗari kuma sun yi ƙasa, ko yaron namiji ne ko mace. Wata uku! Lokacin da yawancin maza ke cewa ai bai san kowa ba tukuna.

Wajibi ne a faɗi iyakar wannan magana. Irin waɗannan bincike suna nuna abu biyu suna tafiya tare, ba sa nufin cewa duk yaron da ya rasa uba ya rasa rabonsa. Marayu da yawa sun tashi da hankali da natsuwa a hannun kaka, ko kawu, ko baffa, ko uwa ita kaɗai. Abin da jariri ke nema shi ne manya tsayayyu masu amsa masa, kuma babban gida irin na Hausawa yana da arzikin hannaye. Abin takaici shi ne a ce uba yana raye, yana gari, yana cikin gidan, amma hannunsa ba ya cikin waɗannan hannaye.

A ƙasar Hausa babu wanda zai ce angon ƙarni ba ya wahala. Tun ciki na wata bakwai yake tara itacen wanka. Ga kayan yaji, ga kanwa da gero na kunu, ga ƙauri, ga kayan fitar suna, ga goro, ga uwa uba rago, wanda wani sai ya ci bashi kafin ya same shi. Zai karɓi jariri ya yi masa kiran salla a kunne, ya yi masa huɗuba, ya miƙa shi. Ga mutane da yawa, wannan ɗaukar ita ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe har sai wuya ya tsaya. Ɗakin mai jego ya cika da mata 'yan barka, namiji ba ya iya zama. In haihuwar fari ce, sau da yawa matar tana gidan iyayenta wanka har arba'in, shi kuwa kunyar surukai ta sa gaisuwarsa ba ta wuce zaure. In ya yi ƙarfin hali ya miƙa hannu, sai gwaggo ta ce, "Kai Malam, ina kai ina ɗanyen goyo? Bari ya yi ƙwari tukuna." Ga kuma alkunyar ɗan fari, wadda ke hana iyaye kiran sunan yaro ko nuna masa so a gaban manya. A majalisa kuwa, wanda aka gani da zanen goyo a kafaɗa ba zai rasa mai ce masa mijin-ta-ce ba.

Waɗannan al'adu ba banza aka kafa su ba. Wankan gida yana ba yarinya sabuwar haihuwa hutu da kulawar uwarta, kunya kuma tana riƙe da mutuncin gida. Sai dai kunya a gaban jama'a daban, ƙaurace wa yaro a cikin ɗaki daban, kuma mutane da yawa sun haɗe su wuri guda.

Addini bai goyi bayan wannan ƙauracewa ba. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta. Lokacin da ake shayar da ɗansa Ibrahim a gidan wani maƙeri a unguwannin gefen Madina, yakan taka har can, ya shiga gidan da hayaƙi ya turnuƙe, ya ɗauki yaron ya sumbace shi. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba yabo ya samu ba. Jan kunne ya samu a kan rashin jin ƙai. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa jinin biƙi ba ya kayar da haƙƙin mace na rabon kwana, abin da ya kamata mai mata fiye da ɗaya ya riƙe, domin a kwanakin jego ne mace ta fi bukatar ganin mijinta.

Inda maganar ta zama ta rai da mutuwa shi ne makon farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu kafin su cika kwana 28, kusan rabin duk mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar ke nan, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan rashi yana faruwa ne a kwana bakwan farko. Waɗannan su ne kwanakin da uba ke kasuwar dabbobi da wurin tela. A gidaje masu yawa shi ke da izinin fita, shi ke da kuɗin mota, shi ke cewa a je asibiti ko a jira gari ya waye. Mutumin da irin wannan hukunci ke hannunsa ya kamata ya san alamomin hatsari da idonsa: jariri ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri ƙirji na lotsawa, ko jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ido da tafin hannu su yi rawaya irin na shawara, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko ya riƙa taune-taune da sanƙarewa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya jiran suna.

Haka nan uba ne ke biyan wanzami, don haka shi ke da ikon cewa a yi aski a tsaya nan, kada a cire hakin wuya, aikin da likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kansa saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Shi ne zai iya tsayawa a kan a yi rigakafin ranar haihuwa, sannan na mako 6, da na 10, da na 14, da na ƙyanda a wata 9. Na mako shida yana faɗowa daidai da gama arba'in, lokacin da hankalin kowa ya tafi ga yawon arba'in da komawar mai jego ɗakinta.

Batun nono ma haka yake. Likitoci sun ce a ba jariri dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, sannan a shayar da shi nono zalla har wata shida ba tare da ruwa ba, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne. Amma ranar da zafin bazara ya tsananta, uwar miji ta ce za a kashe mata jika da ƙishirwa, amarya ba ta da bakin musu. Mijin ne kaɗai zai iya durƙusawa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, haka ma'aikatan asibiti suka ce, mu gwada mu gani." A birnin Naples na Italiya an gwada tasirin maza a wannan fage da ma'aurata 280. Rabin mazan an koya musu matsalolin shayarwa da yadda ake magance su, sauran rabin ba a koya musu ba. Bayan wata shida, kashi 25 cikin ɗari na matan rukunin farko suna kan shayarwa cikakkiya, a ɗaya rukunin kuwa kashi 15 ne.

Ga bakwaini da jariri maras nauyi, ƙirjin uba magani ne. A 1978 wani likitan yara a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey Sanabria, ya rasa isassun kwalaben ɗumama jarirai, sai ya fara ɗora su tsirara a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a lulluɓe su. Dabarar ta bazu duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, kuma in uwa ta gaji ko ba ta da lafiya, uba yana iya karɓarta. A Suwidin an gwada haka a 2007 da jariran da aka ciro ta hanyar tiyata: waɗanda aka ɗora a ƙirjin babansu sun daina kuka sun yi barci da wuri fiye da waɗanda aka kwantar a gado kusa da shi.

Shi ma uban mutum ne. Wani nazari da ya tattara bincike 43, wanda ya fito a 2010, ya nuna kimanin namiji ɗaya cikin goma yana faɗawa ciwon damuwa tsakanin ɗaukar ciki da shekarar farko ta haihuwa, kuma abin ya fi yawa daga wata uku zuwa shida. A wurin maza yakan fito da siffar saurin fushi, daɗewa a waje, ko yin shiru. Wannan na da muhimmanci domin kukan jariri yakan kai ƙololuwa a wajen mako shida, wani lokaci ba tare da wani ciwo ba. Wanda ransa ya ɓaci ya ajiye yaron a wuri mai aminci ya fita ya sha iska, ko ya miƙa wa wani. Girgiza jariri da ƙarfi, ko na 'yan daƙiƙu ne, yana iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makantar da shi ko ya kashe shi. Mai shan taba kuma ya sani hayaƙinsa yana ƙara wa jariri hatsarin ciwon huhu da mutuwar farat ɗaya a cikin barci.

Wasu ƙasashe sun mai da zaman uba a gida doka. Suwidin ce ta fara ba iyaye maza da mata hutun haihuwa na tarayya a 1974, amma a shekarar farko abin da maza suka ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kwanakin ba. Sai da aka ware wata guda a 1995 wanda in uba bai ɗauka ba ya faɗi, aka ƙara na biyu a 2002, na uku a 2016, kafin rabon maza ya kai wajen kashi 30. A Nijeriya, jihar Legas ta ba ma'aikatanta maza kwana 10 a 2014, gwamnatin tarayya kuma ta amince da kwana 14 a 2021. Mataki ne mai kyau, amma bai shafi manomi, da ɗan kasuwa, da mai tuƙa Keke Napep, da ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal ba, kuma su ne mafi yawa. Waɗannan abin da suke da shi shi ne bayan asuba da bayan isha'i, da ranar da ba kasuwa. Minti ashirin na riƙon yaro yayin da uwarsa ke wanka ko cin abinci ba ya bukatar takardar izini daga kowa.

Misalin da ya fi dacewa da irin wannan rayuwa daga jihar Damagaram ta Nijar ya fito. A 2007 wani bincike da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗauki nauyi a jihar ya gano cewa ikon maza da halayyarsu na cikin manyan dalilan da ke hana mata zuwa asibiti. Maimakon a yi ta zargin mazan, sai aka kafa musu abin da aka kira Makarantar Mazaje, aka fara da guda 11. Makaranta ce da babu malami babu allo. Magidanta ne da ba su wuce goma sha biyu ba, waɗanda gari ya yarda da halinsu kuma matansu ke zuwa awo, suke haɗuwa kamar sau biyu a wata tare da ma'aikacin lafiya. Sukan duba alƙaluman asibitin garin: mata nawa suka zo awo, nawa suka haihu a gida, yara nawa ba a kawo rigakafi ba. Daga nan su bi majalisu da ƙofar masallatai da wuraren suna suna magana da 'yan'uwansu maza, da harshen da namiji ke ji daga namiji.

A garuruwa da dama ba su tsaya ga magana ba. Sun haɗa kuɗi da ƙarfi sun gina makewayi a asibiti, sun yi wa ungozoma ɗakin kwana don a same ta ko da tsakar dare. Rahotannin shirin sun nuna haihuwa a hannun ma'aikatan lafiya ta ƙaru sosai a wuraren da makarantun suke, har ta ninka a wasu. Daga Damagaram tsarin ya bazu zuwa sauran jihohin Nijar, sannan wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, irin su Burkina Faso da Kodebuwa, suka ɗauke shi.